Amfilifayar jita mai bawul: wacce zan zaɓa, kuma yaya zan riƙe ta?

Tambaya: Wani matashi ya rubuto daga Damagaram. Yana kaɗa jita a wata ƙungiya da ke wasa a bukukuwan aure, irin kiɗan jitar Agadas. Yayansa da ke Amurka ya samo masa amfilifaya (na'urar ƙara wa jita sauti) ta hannu mai bawul, wato ƙananan kwalaben gilas da ke ƙarfafa sautin, mai wat 100, ya ce ko ya aiko da ita ko ya faɗi wadda yake so. Yana tambaya ko ya karɓa, in kuma bai karɓa ba wacce ta fi dacewa, da yadda zai kula da ita kada ta mutu masa da wuri.

Amsa:

Ƙanena, kafin yayanka ya biya kuɗin ɗauko kaya, ka ce masa ya juya bayan amfilifayar ya ɗauko maka hoton rubutun da ke kusa da inda wayar wuta take shiga. Kusan duk wadda aka sayar a Amurka za ka ga an rubuta 120V 60Hz. Wutar Nijar da Najeriya kuwa tsakanin bolt 220 ne zuwa 240, a kan 50Hz. In ka jona ta kai tsaye a soket ɗin gida, in Allah ya taimake ka fis ne kawai zai ƙone; in bai taimake ka ba, taransifomar wutar ce za ta tafi, kuma kuɗin sabuwa da kuɗin kawo ta zai iya kai rabin kuɗin amfilifayar. Ana iya amfani da ita ta hanyar taransifomar rage wuta, wadda masu kayan lantarki ke kira sitef-dawun, amma ka sayi mai ƙarfin da ya ninka abin da aka rubuta a bayan amfilifayar aƙalla sau biyu, kuma ka san ka ƙara wa kanka wani ƙarfe mai nauyi da za ka riƙa ciccibawa zuwa kowane biki. Ranar da wani yaron ƙungiya ya manta ya jona ba tare da ita ba, shi ke nan. Sannan taransifomar da aka naɗa don 60Hz takan ɗan fi zafi a kan 50Hz. In da hali, a samo wadda aka yi wa kasuwar Turai, mai 230V, ko mai maɓallin sauya bolt a baya.

Wat 100 ɗin ma ban ba ka shawara ba. Mutane suna ɗauka mai wat 100 ta ninka mai wat 50 ƙara, alhali a ma'aunin ƙara bambancinsu desibel 3 ne kacal, abin da kunne zai ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai ƙarfin ya ninka wajen sau goma. Ita kanta sifika tana da nata rabon: sifika mai desibel 100 a kan amfilifaya mai wat 20 za ta yi ƙarar da mai desibel 97 za ta yi a kan mai wat 40. Abin da ya sa ake son bawul tun farko shi ne yadda muryar jita ke yin kauri da ɗan kaushi mai daɗi idan aka matsa wa bawul-bawul ɗin ƙarshe, wato masu tura sifika. A mai wat 100 ba za ka kai wurin nan ba sai ka kori mahalarta bikin da ƙara. Irin su Marshall masu wat 100 an yi su ne a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da manyan dandamali ba su da na'urar sauti mai ƙarfi, dole jita ta cika fili da kanta. Yanzu makirufo ɗaya a gaban sifika ya wadatar, sauran aikin na manyan lasifikokin biki ne. Ga kuma asara: mai wat 100 bawul huɗu manya take ci, duk ranar canji huɗun za ka saya tare.

Ga aikinka, tsakanin wat 15 da 40 nake ganin ya dace. In kuna da makirufo da na'urar sauti a kowane wasa, wat 15 zuwa 22 sun isa. In kuwa a fili kuke yi, ga mai ganga yana duka ba tausayi, kuma kana son zaren jitar ya fito tas ba dishewa, to je ka 30 zuwa 40. Fender Deluxe Reverb, wadda ta fito a 1963 kuma har yau ake yin irinta, wat 22 ce da bawul 6V6 guda biyu da sifika mai inci 12. Muryarta wasai take, ta dace da saurin yatsu irin na kiɗanku. Hot Rod Deluxe wat 40 ce da 6L6 biyu, ta fi jure ƙara kafin ta fara kaushi, kuma tana da yawa a kasuwar na hannu, don haka kayan gyaranta ba wuya. Blues Junior wat 15 ce da EL84 biyu, ba nauyi. Vox AC30 tana da wata ƙyalƙyala a saman murya da babu mai irinta, amma EL84 huɗun da ke cikinta a gashe suke aiki, kuma ta haura kilo 30. A zafin watan Afrilu na Damagaram ni ba zan zaɓe ta ba. Twin Reverb mai wat 85 ita ce sarauniyar tsaftataccen sauti, sai dai kilo kusan 30 ce ita ma, ka tambayi bayanka kafin ka tambayi kunnenka.

Abin da na fi dubawa kafin suna shi ne irin bawul ɗin da ke ciki. Ƙananan bawul na gaba, masu fara karɓar sautin jita, kusan duk 12AX7 ne, wanda Turawan Ingila ke rubutawa ECC83, abu ɗaya ne. Manyan kuwa ka tsaya kan 6L6, 6V6, EL34 ko EL84, domin su ake samu ko'ina. Masana'antun da suka rage suna yin bawul ɗin jita a duniya ba su da yawa: akwai JJ a Sulobakiya, akwai masana'antar Saratov a Rasha wadda ke fitar da Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol, sai wasu a Sin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, bawul ya yi wuya a kasuwa, farashi ya tashi. Saboda haka ka ce wa yayanka, daga kuɗin da zai rage in ya sayi ƙarama, ya haɗo maka da manyan bawul biyu waɗanda aka gwada aka daidaita ƙarfinsu, da 12AX7 biyu, da kwalin fis na daidai lambar da ke bayan amfilifayar. Kada ya ɓata kuɗi kan tsofaffin RCA ko Mullard da ake tsawwala wa farashi. A filin biki babu mai jin bambancin.

In ta hannu ce, a gwada ta kafin a biya. A kunna ta ta yi minti 20 ana kaɗawa, ba minti biyu ba, don yawancin ciwo sai ta yi zafi yake fitowa. A murɗa kowane maɓalli a ji ko yana ƙaras-ƙaras. A cire jita a saurari gunjin da ke fita: ɗan huci kaɗan ba komai, amma gunji mai kauri da ba ya canzawa ko an rage murya yawanci alamar manyan kafasita ne, wato kayan da ke tara wuta suna tace ta, sun tsufa. A shinshina bayanta. Warin ƙonannen fenti daga taransifoma dalili ne na barin ta. Wadda ta haura shekara 20 ba a taɓa canza mata kafasita ba, a sa kuɗin canjin cikin lissafi. Akwai kuma bambanci tsakanin wadda aka haɗa da hannu, waya bayan waya, da wadda aka yi kan faranti mai zanen tagulla. Ba na cikin masu cewa wadda aka haɗa da hannu ta fi daɗin murya, wannan gardama ce ta masu kuɗi. Fifikonta a wurinmu shi ne duk tsohon mai gyaran rediyo da ya taɓa aiki da bawul zai iya bin wayoyinta da ido ya gyara, ita kuwa mai faranti in zanen ya ɗago saboda zafi sai mai haƙuri.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne. Mafi yawan amfilifayoyin da ake kawo mana a mace, ba tsufan bawul ne ya kashe su ba. Wuta ce, ko zafi, ko an kunna su babu sifika.

Amfilifaya mai bawul ba ta da abin daidaita wuta a cikinta kamar cajar waya. Abin da ya shigo daga bango shi take ninkawa. Zaren da ke ɗumama bawul bolt 6.3 yake so, ya ɗan sauka ko ya ɗan hau da kashi 10 cikin ɗari. Babbar wutar ciki kuwa tana kaiwa bolt 400 zuwa 500. In wutar gari ta tashi daga 220 zuwa 250, waccan ta 450 za ta haura 500, kuma yawancin kafasita iyakarsu ke nan. Ƙarancin wuta ba ya kashe ta nan take, murya ce kawai ke yin laushi, amma dawowar wuta da ƙarfi bayan an ɗauke ita ce ke yin ɓarna. Don haka da zarar an ɗauke wuta, kashe maɓallin, kada ka bar ta a kunne tana jira. Ka sayi sitabilaiza mai kyau, kuma in za ka iya, mai mota a ciki wadda ke juyawa a hankali. Mai tsalle-tsalle tana ƙas-ƙas takan sa ƙarar ta fito ta sifika. Ƙaramar mita mai nuna bolt da ake maƙalawa a soket ba ta da tsada, ka riƙa dubawa kafin ka kunna.

A biki kuwa janareta ne, kuma a nan aka fi yin asara. A tayar da shi tukuna, ya zauna daidai, a jona fitilu da sauran kaya, sannan kai ka kunna a ƙarshe. In za a kashe, kai ne na farko. Janaretan da mai ke ƙare masa yana hawa yana sauka, wutarsa ma haka take yi, don haka da ka ji muryarsa ta fara canzawa, miƙa hannu ka kashe. Kada ka yarda a haɗa ka layi ɗaya da firiza ko injin niƙa. In inbata ce, sai mai tsaftatacciyar wuta irin ta gari. Mai arahar nan tana sa gunji, tana gasa taransifoma.

Maganar wayar ƙasa ba ta kare amfilifaya ba ce, ta kare ranka ce. Zaren jitarka a haɗe yake da ƙarfen jikin amfilifayar ta cikin wayar jita. In wuta ta zubo kan ƙarfen nan kuma babu wayar ƙasa, to tana hannunka, jira take ka taɓa makirufo da leɓe ko ka taka ƙasa mai laima ba takalmi. Haka Leslie Harvey, makaɗin jita ɗan Sikotilan, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea a 1972. Kada ka karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket, kuma tsohuwar amfilifaya mai waya ƙafa biyu a kai ta a sa mata mai uku kafin a fara wasa da ita. In ka ji ɗan tsiko a leɓe lokacin da kake waƙa, tsaya nan take, a duba layin. Ƙaramar na'urar nan mai katse wuta da kanta in ta ji ta zuba, mai miliamf 30, ta cancanci zama cikin jakarka.

Sai sifika. Tsakanin bawul da sifika akwai taransifoma ta biyu. In ka kaɗa jita alhali babu sifika a jone, ƙarfin ba shi da inda za shi, sai ya koma baya da bolt mai yawan gaske ya huda naɗin taransifomar ko ya ƙona mazaunin bawul. Amfilifaya mai tiransisto, wato marar bawul, ba ruwanta da wannan, shi ya sa waɗanda suka saba da ita suke faɗawa ramin. In amfilifayar kai daban, akwatin sifika daban ce, jona sifika kafin ka jona wuta, kullum. Lambar om da aka rubuta a jikin sifika ta dace da ta amfilifaya: 8 da 8, 16 da 16. Kuma wayar sifika daban take da wayar jita ko da bakinsu iri ɗaya ne. Ta jita siririya ce a ciki, tana iya narkewa ta bar ka babu sifika a tsakiyar wasa. In kana kaɗawa murya ta ɗauke ɗif, kada ka ƙara murɗa maɓalli kana neman ta, kashe ka duba.

Maɓallin sitanbai, wanda ke riƙe babbar wutar ciki har bawul su ɗumama, an cika yi masa surutu. Kunna wuta, jira rabin minti zuwa minti ɗaya, ɗaga shi. In hutun minti goma ne, rage murya kawai ya isa. In na awa ne, kashe gaba ɗaya. Blues Junior da Princeton Reverb ba su ma da shi, kuma lafiyarsu ƙalau.

Zafi shi ke cin kafasita a hankali. Kada ka manna bayanta da bango, bar mata kamar taƙi biyu. Kada a ɗora mata riga ko darduma tana aiki, kada a ajiye ta cikin rana, kuma ƙaramar fanka a bayanta a wasan rana ba abin kunya ba ne. Kofin shayi ko ledar ruwa a kanta haramun ne a wurina, don wasu ramukan iskarsu a sama suke. Bayan wasa ba ta minti goma ta huce kafin a ɗaga, saboda ƙarafan cikin bawul sun fi rauni da zafinsu. A mota a tsaye za a ajiye ta kan katifa ko bargo, a daure. In a babur ne kan hanya mai gargada, gara ka zare manyan bawul ɗin ka naɗe su a tsumma, ka sa alamar ramin kowanne. Da hunturu ƙura ke shiga maɓallai. A rufe ta da mayafi in ba ta aiki, a fesa musu man wanke maɓallin lantarki, ban da fetur, ban da man keke. Da damina takardar sifika ke shan laima, kada a bar ta a ƙasa. In ta daɗe a ajiye, leƙa ciki kafin ka kunna, domin ɓera da kyankyaso da zanzaro duk suna son wurin, kuma ka riƙa kunna ta ko sau ɗaya a wata ta yi rabin awa.

Ƙananan bawul suna shekaru ba su gaji ba. Manyan, ga mai wasa kowane mako, shekara ɗaya zuwa biyu. Alamar gajiyarsu ita ce murya ta rasa ƙarfi, ƙasan sautin ya yi lakwas, ko a riƙa jin tartsatsi. Ka koyi kallonsu a duhu. Ɗan jan haske a tsakiya zaren ɗumi ne, daidai ne. Shuɗin haske a jikin gilas ma yawanci ba komai. Amma in faffaɗan ƙarfen ciki ya yi ja kamar garwashi, kashe nan take. Tabon azurfa da ke saman gilas in ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ya mutu. In amfilifaya tana fito da kuka siriri ko ƙarar gilas, ɗauki fensir ka ɗan ƙwanƙwasa ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya amsa da ƙarfi ta sifika shi ne mai laifi. Waɗannan kana iya canza su da kanka: kashe, zare fulogi, bari ta huce, ja shi a hankali kana ɗan girgizawa, ka lura da gurbin ƙafafun kafin ka tura sabo.

Manyan kuwa akwai batun bayas. Bayas kamar silo ne a babur: yawan wutar da bawul ke ja lokacin da ba a kaɗa komai. In ya yi sama, bawul ya gasu ya mutu da wuri. In ya yi ƙasa, murya ta bushe. Wasu amfilifayoyi, irin AC30 da AC15, suna daidaita kansu, sai dai ka sa sababbi kawai. Wasu kuwa, irin Deluxe Reverb da Hot Rod Deluxe da yawancin Marshall, sai an auna an saita duk lokacin da aka canza. Masu gyara suna bin ƙa'idar kada a wuce kashi 70 cikin ɗari na abin da bawul zai iya ɗauka. 6L6GC wat 30 yake ɗauka, kashi 70 wat 21 ke nan, a kan bolt 450 ya kama miliamf 46 da ɗoriya. Ni a ƙasar zafi mai wutar da ba ta da tabbas nakan tsaya wajen kashi 60, wato miliamf 40, don a bar wa ranar da wuta za ta hau wuri. Bambancin murya kaɗan ne, bambancin kwana da yawa.

Wannan aikin ba naka ba ne. Manyan kafasita suna riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare fulogi, wani lokaci har kwanaki, kuma sun isa su tsayar da zuciya. Iyakarka bawul, fis, waya da goge ƙura. Duk abin da sai an kwance ƙarfen ciki, na mai gyara ne. Wajen zaɓen mai gyaran, tambaye shi yadda yake sauke wutar kafasita da yadda yake auna bayas. In ya tsaya kame-kame, ɗauki kayanka da ladabi. Tsofaffin da suka yi zamanin rediyo da talabijin masu bawul sun fi yaran gyaran waya sanin wannan aiki nesa ba kusa ba. Fis kuma in ya ƙone, sa irinsa daidai, mai lamba ɗaya, kuma in akwai harafin T a jikinsa, wato mai jinkirin ƙonewa, to mai T za ka sa. In na biyu ya sake ƙonewa, akwai ciwo a ciki, galibi babban bawul ne ko bawul mai mayar da wuta, irin GZ34. Naɗa masa zaren waya ko takardar sigari, kamar yadda ake yi a gidaje, shi ne hanyar da ta fi sauri zuwa ƙona taransifoma.

Tunda da wannan kiɗa kake ci, ga abin da zan yi in ni ne kai. Zan ce wa yaya ya bar mai wat 100, ya nemo mai wat 22 zuwa 40 mai 230V, da bawul na ajiya. Sannan zan riƙe mai tiransisto ko irin na zamani masu kwaikwayon muryar bawul, kamar Boss Katana, don bukukuwan ƙauye inda ba ka san irin janaretan da za ka tarar ba. Roland JC-120 ma ba bawul ko ɗaya a cikinta, tun 1975 ake yin ta, kuma manyan makaɗa suna hawa dandamali da ita. Mai bawul ɗin ka ware ta don wasan gari, da ɗaukar sauti, da wuraren da ka auna wutarsu da mitarka ka gamsu.